Lamba Ashirin da Bakwai

Asubar fari na bar Idi-Araba,
danfo biyu, sauran a ƙafa,
takardun shaida a ƙulle cikin leda
kada ruwan Ikko ya cinye sunana.

Mu arba'in ne a bayan katangar gidan wasan yara, can Lekki,
an manna wa kowa lamba a ƙirji.
Na gabana ya yi digiri a lissafi.
Ta bayana tana ta miƙe ƙafa jikin bango.
Ni kuwa shekara shida ina kan babur
kafin a kore mu daga manyan tituna.

Madam Folashade ta fito da biro a bayan kunne.
Ta ce doka uku ce:
ba magana,
ba cire kai a gaban yaro,
in suma ta zo, ka kai ta bayan labule.
Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Zaki ya riga ya samu mai shi, zomo na gajeru ne.
Ni dorina aka miƙo mini,
shuɗiya,
an ɗinke kunnenta ɗaya da zaren kamun kifi.
Dorina shuɗiya!
Kakana da ya tsufa yana su a Yawuri,
da ya gani, da ya tofar da goronsa.

Gumin wanda ya riga ni bai bushe ba.
Na yi bismilla, na zura kai.
Duniya ta koma taga guda,
'yar raga tsakanin haƙoran soso.
Takalma kamar kwale-kwale,
numfashina yana dawo mini da yajin daren jiya.

"Yi tafiya." Na yi.
"Yi murna." Na girgiza tumbin da ba nawa ba.
"Yi kunya."
To, yaya dorina take kunya?
Sai na tuna ranar da na je gaida surukai
da wando aro,
na sunkuyar da kai, na murza ƙafa a ƙasa,
na rufe ido da hannu mai yatsa huɗu.
Na ji biro yana tafiya a kan takarda.

Can aka kawo ɗan mai shara, bai fi shekara uku ba.
Yana ganina ya tsala ihu.
Bakina ya cika da "yi haƙuri, yi shiru,"
na haɗiye, doka ce.
Na ja da baya, ni ma kamar na tsorata,
na je na ɓuya bayan sandar tsintsiya,
duk girman nan nawa.
Na leƙo. Na koma. Na leƙo.
Kukan ya tsinke a tsakiya.
Ya tako, ya ja jelata,
ya rungume gwiwata da hannu biyu.

Shekara goma sha ɗaya a garin nan
"aboki" ne sunana, babu mai neman Lurwanu.
Na sha ganin uwa ta janye ɗanta
in na zauna kusa da su a mota.
Yau sai da na rasa fuska
aka rungume ni.
Abin da ya gangaro mini a kumatu,
in an tambaya, gumi ne.

"Za mu kira ka," in ji ta.
Na duba cajin wayata, saura kashi tara.

A kan gada motoci sun cushe,
lagun yana ƙyalli a ƙasa,
rigata tana warin soso da gumin mutum biyu.

Ina shiga gida Ummita ta tare ni:
"Baba, an samu?"
Na buɗe baki, sai na fasa.
Na ɗaga kafaɗa har kunne,
na baje tafuka, na karkata kai.
Ta faɗi kan tabarma tana dariya,
uwarta tana kallona, ludayi a hannu,
tana jiran amsa da baki.